Kafin alƙalami a tsakiyar teku: akwai riba a kama ɗakin tafiya ta gaba tun ba a sauka daga jirgi ba?

A kusan kowane babban jirgin ruwa na yawon shaƙatawa, irin waɗanda ke tashi daga Mayami ko Basalona ko Dubai, akwai wani ɗan ofis da ake ajiyewa a inda mutane suka fi wucewa. Ranar da aka shiga jirgi ba wanda ke kallonsa. Kowa na neman ɗakinsa, yara na neman wurin ninƙaya. Amma in tafiyar ta mako guda ce, daga rana ta biyar sai ka ga an fara layi a bakinsa, ranar ƙarshe kuwa sai da rubuta suna. Kafin nan an riga an zuro maka takarda ta ƙarƙashin ƙofa, an kuma sanar a talabijin ɗin ɗakinka: kama ɗakin tafiyarka ta gaba tun kana nan, ka samu abin da ba za ka samu ba in ka taka ƙasa.

Harkar ba ƙarama ba ce. Ƙungiyar kamfanonin jiragen, CLIA, ta ce mutum miliyan 31.7 ne suka yi irin wannan tafiya a 2023. Jirgin Icon of the Seas, wanda ya fara aiki daga Mayami a Janairun 2024, yana iya ɗaukar fasinja 7,600, wato gari guda ne ke yawo a kan ruwa. Kamfanin da ya gina irin wannan jirgi dole ya cika ɗakunansa kowane mako, shekara da shekaru, kuma babu fasinjan da ya fi sauƙin samu kamar wanda yake ciki yanzu, cikinsa a ƙoshe, yana kallon faɗuwar rana daga barandarsa.

To me ake ba mutum a wannan ofis? In aka tace duk zaƙin bakin, abu uku ne. Na farko, a rage maka kafin alƙalami. Na biyu, a zuba maka wasu daloli a asusunka na cikin jirgi, waɗanda ba ka iya kashewa sai a jirgin. 'Yan kasuwarmu za su kira shi gyara. Na uku, wanda ba kowane kamfani ke yi ba, ragi na gaskiya a kan kuɗin ɗakin.

Kamfanin Royal Caribbean yana kiran nasa tsarin NextCruise. Tafiyar mako guda da aka saba ajiye dala 250 a kan kowane mutum, a can dala 100 za ka ajiye. Tallarsu tana cewa gyaran yana kaiwa dala 600 a ɗaki guda, kuma ba ƙarya suka yi ba, sai dai wannan adadi na masu manyan ɗakunan alfarma ne a doguwar tafiya. Mai ɗaki da baranda na mako guda wajen dala 100 yake samu, mai ɗakin ciki wanda ko taga babu kuwa rabin haka. Kamfanin Norwegian nasu daban ne, sunansa CruiseNext: kana sayen takardar ajiya ta dala 250 wadda aka daɗe ana ba ta wa'adin shekara huɗu, su kuma su mayar maka da wani kaso a asusun tafiyar da kake ciki. An daɗe ana sayar da takardu biyu a dala 500 a mayar da 250, wato rabin kuɗi ke nan. Kamfanin Princess na karɓar dala 100 a kan mutum. Disney kuwa, dala 250 kake ajiyewa, a yi maka ragin kashi 10 cikin 100 a kan farashin ɗaki in ka yi tafiyar cikin wata 24, ban da wasu ranakun cunkoso da manyan ɗakuna. Waɗannan lambobi suna sauyawa daga kaka zuwa kaka, amma ƙashin bayan cinikin bai sauya ba.

Mu fara da kafin alƙalamin, don shi ne ya fi ruɗin mutane. Rage shi ba ragi ba ne. In ɗakin dala 2,400 ne, dala 2,400 za ka biya, ko ka fara da 200 ko ka fara da 500. Abin da ka samu shi ne jinkiri: kuɗin sun ƙara zama a hannunka har lokacin cikon biya, wanda yawanci yake faɗowa kwana 75 zuwa 120 kafin tashi. Jinkirin yana da amfaninsa, musamman ga iyali mai mutum biyar ko shida, amma kada a lissafa shi a cikin riba.

Gyaran kuma fa? A nan ne ya kamata a ɗan zauna. Dala 100 ta cikin jirgi ba dala 100 ta aljihu ba ce, domin kasuwa ɗaya ce take karɓarta, kuma mai kasuwar shi ke yanka farashi. Wajen kashi ɗaya cikin uku na kuɗin shigar manyan kamfanonin nan ba daga tikiti yake fitowa ba, daga abin da fasinja ke kashewa ne bayan ya shiga: abin sha, intanet, hotuna, tausa, gidan abinci na musamman, yawon gari in an tsaya a tasha, da caca. A kan waɗannan suke cin riba mai kauri. Idan suka ba ka dala 100 ka sayi hoton da ya ci musu kuɗi kaɗan, abin da ya fita daga aljihunsu bai kai rabin abin da aka rubuta a takarda ba. Kuma galibi irin wannan gyara ba a mayar da canjinsa. Abin da ba ka kashe ba ya tafi da jirgin. Ga wanda ba ya shan giya, ba ya caca, ƙofofin kashe shi sun ragu. Sai intanet, da yawon gari, da tukwicin ma'aikata da ake ɗora wa kowane fasinja kullum, dala 16 zuwa 20, in kamfanin ya yarda a biya shi da gyaran. Wannan tambaya ce da ta cancanci a yi ta a bakin tebur, domin in an yarda, gyaran ya koma kusan kuɗi tsaba, tunda tukwicin dama za ka biya shi.

Su kuma me suke samu? Kuɗinka, tun da wuri, ba tare da sun biya ka komai a kai ba. A tsakiyar 2024 kamfanin Carnival, wanda ya mallaki Princess da Holland America da Cunard da wasu, ya sanar cewa kuɗin ajiyar fasinjoji da ke hannunsa sun kai dala biliyan 8.3. Kuɗin tafiye-tafiyen da ba a yi ba ne tukuna. Bayan kuɗin kuma akwai abin da ya fi su daraja a wurinsu: an yi maka ɗaurin talala. Wanda ya ajiye dala 250 a wurin Norwegian, in lokacin hutu ya zo, ba zai buɗe shafin wani kamfani irin MSC ya gwada farashi da zuciya ɗaya ba. Zai ce ai ina da ajiya a can. Dala 250 ta ja dala 3,000.

Abin da ma'aikacin ofishin ba zai fara faɗa maka ba shi ne, farashin ɗakin da yake nuna maka a kwamfutarsa shi ne dai wanda ke shafin kamfanin a ranar, wanda kowa ke gani daga gidansa. Ban da irin su Disney da ke rage kaso, babu wani farashin sirri na cikin jirgi. Farashin ɗakin jirgi kuwa kamar na tikitin jirgin sama yake, yana hawa yana sauka gwargwadon yadda ɗakuna ke cika. Daga Janairu zuwa Maris kamfanonin ke yin babbar garaɓasarsu ta shekara, haka ma ƙarshen Nuwamba. A ce ka kama ɗaki a dala 2,400 an ba ka gyaran 100, bayan wata uku ɗakin ya sauko 2,100. In yarjejeniyarka ta ba ka damar a sake maka lissafi da sabon farashi kafin cikon biya, ka ci riba biyu. In ba ta ba ka ba, ka karɓi 100 ka bar 300. Haka kuma abin yana iya juyawa, ɗakin ya haura 2,800, ka zama kai ne ka yi dabara. Amma wannan dabarar ta kama ɗaki da wuri ce, ba ta kama shi a cikin jirgi ba. Da a falonka ka kama shi a ranar, farashin ɗaya ne.

Shi ya sa a ganina tambayar da ta fi kowace nauyi ba nawa ne gyaran ba, a'a, wane irin ajiya ne. Iri biyu ne, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta fi tazarar da ke tsakanin kamfani da kamfani. Akwai wanda za ka zaɓi jirgi da rana da lambar ɗaki nan take. Akwai kuma buɗaɗɗe, wanda za ka ajiye kuɗi kawai, ka koma gida ka zaɓi tafiyar a tsanake kafin wa'adi ya cika. Na farkon ya fi kawo gyara, kuma yana da hujja in abin da kake so ƙalilan ne: ɗakunan da ke haɗe da juna don iyali, ɗakin mai keken guragu, sabon jirgin da kowa ke rububi, ko makon hutun ƙarshen shekara. Amma sau da yawa yana zuwa da sharaɗin ba a mayar da kafin alƙalami. A Royal Caribbean, irin wannan farashi in ka ce za ka sauya jirgi ko rana, dala 100 ake cajin kowane mutum. Miji da mata suka sauya sau ɗaya, sun biya 200 a kan gyaran 100. Buɗaɗɗen kuwa shi ma iri-iri ne. Na Disney, in ba ka yi amfani da shi ba, ana mayar maka da kuɗinka. Na Norwegian, bayan kwana 30 ba a mayarwa. Sannan bisa ƙa'ida takarda ɗaya ake sa wa ɗaki ɗaya, sai lokacin garaɓasa ake barin biyu. Wanda zaƙin rabin kuɗi ya ja shi ya sayi huɗu, ya ɗaura wa kansa tafiye-tafiye da yawa ke nan, alhali bai san me shekaru za su zo da shi ba.

Kada kuma a raina yanayin da ake yin cinikin. Mutum ya kwana biyar ba ya wanke kwano, ba ya jin ƙarar janareta, an gyara masa gado, an kira shi da sunansa a wurin cin abinci. Gobe za a sauka. Uwargida ta ce, "Alhaji, mu kama na baɗi mana tun muna nan." Shi ma ransa na so. Jimillar abin da suka kashe a wannan tafiyar ba ta iso ba tukuna, sai daren ƙarshe ko safiyar sauka. Ba laifi ba ne mutum ya so maimaita abin da ya ji daɗinsa, amma ba a banza aka fi matsa tallar a kwanakin ƙarshe ba. Da ni ne, sai na buɗe asusuna a talabijin ɗin ɗaki na ga abin da ya taru kafin in je teburin.

Sai haɗarin da ba a rubuta shi a takardar da aka zuro ƙarƙashin ƙofa. Kuɗin ajiya bashi ne ka ba kamfani, kuma kamfanoni na mutuwa. A Janairun 2022 Genting Hong Kong, uwar kamfanin Crystal Cruises, ta durƙushe. Jirgin Crystal Symphony, wanda ya kamata ya sauke fasinjoji a Mayami, sai ya karkata zuwa Bimini a Bahamas, saboda wata kotun Amurka ta ba da umarnin a kama shi kan bashin kuɗin mai. A watan Fabrairu aka tsare shi tare da Crystal Serenity a Bahamas ɗin. Crystal ba ƙaramin suna ba ne, kamfanin masu hali ne, kuma da yawa daga fasinjojinsa masu maimaita tafiya ne da suka biya kuɗi tun da nisa. Waɗanda suka biya da katin bashi na banki sun fi samun hanyar ƙwato kuɗinsu, sauran suka shiga layin masu bin bashi.  Kafin Crystal, annobar korona ta riga ta kayar da Pullmantur ta Sifaniya da Cruise & Maritime Voyages ta Ingila a 2020. A wancan lokaci, bayan hukumar lafiya ta Amurka ta hana jiragen tashi a watan Maris, manyan kamfanonin sun riƙa ba mutane zaɓi: ko a mayar maka da kuɗinka, ko ka karɓi takardar tafiya ta gaba mai darajar kashi 125 cikin 100. Wannan kaɗai ya isa ya nuna yadda suke kallon bambancin kuɗi da takarda. Dala 100 ko 200 ba asarar da za ta karya mutum ba ce, gaskiya, kuma Carnival da Royal Caribbean sun tsallake abin da ya fi wannan. Haɗarin yana girma ne in aka lallaɓa ka ka biya da yawa tun da wuri.

Ko kamfani bai mutu ba, hanya na mutuwa. A Yunin 2019 gwamnatin Amurka ta hana jiragen yawo zuwa Kyuba cikin dare ɗaya. A 2022 aka cire birnin San Fitasbag na Rasha daga tafiye-tafiyen tekun Baltik bayan Rasha ta shiga Yukren. A 2024 hare-haren Bahar Maliya suka sa aka soke ko aka karkatar da tafiye-tafiyen da ke bi ta mashigin Suwez. Yarjejeniyar tikiti tana ba kamfani damar sauya tashoshi, kai kuma kafin alƙalaminka yana nan a ɗaure.

Duk wannan lissafi an gina shi ne don mutumin Filorida da zai tuƙa motarsa zuwa tasha, ko Baturen da fasfonsa ke buɗe kowace ƙofa. Mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Chadi yana da ƙarin abin dubawa, kuma shi ne ya fi nauyi. Biza ce. Jirgin da ya tashi daga Mayami ya zaga Bahamas ya dawo, ya fita daga Amurka ya sake shiga, don haka kamfanonin ke neman biza mai shiga da fita sau da yawa. A Yulin 2025 Amurka ta mayar da yawancin bizar ziyara ta 'yan Najeriya ta wata uku, shiga ɗaya. Wata guda kafin nan ta saka Chadi da Sudan cikin ƙasashen da ta rufe wa ƙofa. Wanda ya kama ɗaki a 2024 don tafiyar 2026 bai san da wannan ba ranar da ya sa hannu. Tafiyar Bahar Rum ma sai da bizar Shengen ta ƙasashen Turai, wadda ba a karɓar takardun nemanta sai tafiya ta rage wata shida. Dokar kamfanonin kuwa ɗaya ce: wanda ya zo tasha ba cikakkun takardu ba zai hau ba, kuma ba a mayar masa da ko sisi. Ga mai irin wannan fasfo, zaɓar rana takamaimai shekara ɗaya da rabi gaba da kuɗin da ba a mayarwa, cinikin biri a sama ne.

Ga kuma canji. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a hukumance, zuwa Fabrairun 2024 ta wuce 1,500. Wanda ya ajiye dala 200 a farkon 2023 yana lissafin cikon dala 2,200 da tsohon farashi, lokacin biya ya tarar da kuɗin sun ninka uku. Jinkirin biya da ake tallatawa a matsayin alheri, shi ne ya cuce shi. Mai samun kuɗi da sefa bai da wannan damuwa in tafiyar da yuro aka yanka ta, tunda sefa a ɗaure take da yuro. Wani ƙaramin abu kuma da ma'aikacin ofishin ba zai tuna maka ba: azumi yana matsowa baya da wajen kwana 11 kowace shekara, kuma a 'yan shekarun nan yana faɗowa ne a Fabrairu da Maris, daidai kakar jiragen Dubai da Karebiyan. A duba kalandar Hijira kafin a zaɓi mako.

Akwai wata dabara da masu yawan tafiya suka sani. Kama ɗaki a jirgi bai hana ka aiki da dillalin tafiye-tafiye ba. Yawancin kamfanonin suna sa cinikin da sunan dillalin da ya kawo ka wannan tafiyar, ko su ba ka wa'adi, galibi wata guda ko biyu, ka mayar da shi hannun wanda kake so. Dillalin yana karɓar la'adarsa daga kamfani, ba daga gare ka ba, kuma da yawansu suna yanko wani abu daga la'adar su ƙara maka gyara. Ta haka ake cin tudu biyu. Amma in wa'adin ya wuce, ko ka riga ka cika kuɗin, ƙofar ta rufe.

To wa abin ya yi wa rana? Mutumin da ya san ko an ba shi gyara ko ba a ba shi ba zai sake tafiya da wannan kamfanin cikin shekara ɗaya ko biyu, wanda bizarsa ke hannu ko ba ya buƙatarta, wanda kuma hutunsa ke da tsayayyen lokaci. A wurinsa kuɗi ne a ƙasa, ya duƙa ya ɗauka. Ragin Disney na kashi 10 a kan ɗakin dala 6,000 dala 600 ne, kuma ajiyar ana mayar da ita. Wannan ba ya buƙatar dogon tunani. Takarda ɗaya ko biyu ta Norwegian ga wanda ya saba da su, ita ma haka. Wanda kuwa tafiyarsa ta farko ke nan, bai ɗanɗani wani kamfani ba, bai san ko baɗi zai fi son Umara ko ziyarar 'yan uwa ba, dala 50 ko 100 ta sayen hoto ba ta kai ya sayar da 'yancin zaɓinsa ba. In ya matsu sai ya ajiye wani abu, ya ajiye buɗaɗɗe, mafi ƙanƙanta, wanda ake mayarwa.

Wanda ya yanke shawarar zuwa teburin, ya je rana ta biyu ko ta uku, lokacin da jirgi ya tsaya a tasha mutane sun fita gari, ma'aikacin na zaune shi kaɗai yana da lokacin amsa tambaya. Ya tambaye shi ko ana mayar da ajiyar, da ranar da wa'adinta ke cika, da ko za a sake masa lissafi in farashi ya sauka, da ko gyaran na haɗuwa da garaɓasar da ake yi a ƙasa, da nawa ne kuɗin sauya rana, da kwana nawa gare shi ya miƙa cinikin ga dillalinsa. Ya ce a buga masa amsoshin a takarda, ya tafi da ita ɗaki ya kwana a kanta. Ofishin yana buɗe har daren ƙarshe.